Naira 67,500 Kuɗin Kwalbar Fetur: Mako Shida da 'Yan Aji Biyar a Kan Lamba Mai Ɗigo

Takardar da ta jawo wannan aiki har yanzu tana cikin durowata. Tambaya ce mai layi biyu, da Turanci kamar yadda ake yin jarrabawa: litar fetur naira 900, wani mai babur ya sha lita 0.75, nawa zai biya? Yaron ya jera lambobinsa tsaf, ya ninka 900 da 75 ba kuskure ko ɗaya, ya ja layi biyu a ƙarƙashin amsarsa: naira 67,500.

Da wani yaro ne daban, da na sa jan biro na wuce. Amma wannan na san shi. In an tashi makaranta bakin titi yake nufa wurin yayansa mai bumburutu, shi ke riƙe mazurari, shi ke karɓar kuɗi. Da aka fita tara sai na kira shi gindin bedi.

"Kai, zo nan. Lita ɗari tara ce. Mutum ya ce a zuba masa rabin lita da kwata. Nawa za ka karɓa?"

Bai ko ɗaga ido sama ba. "Ɗari shida da saba'in da biyar, Malam. Amma ɗari bakwai muke karɓa, don ba canji."

Na miƙa masa takardarsa. "To wannan fa? Kwalba ɗaya, dubu sittin da bakwai?"

Ya dubi takardar, ya dube ni, ya ce, "Ai wannan na makaranta ne, Malam."

Ajin da abin ya faru

Firamaren gwamnati ce a gefen birnin Katsina. Ajin biyar nake riƙe da shi, yara sittin da 'yan kai in kowa ya zo, benci ɗaya mutum huɗu, wasu a ƙasa. Darasin lissafi minti talatin da biyar ne, kuma duk wanda ya taɓa riƙe aji irin wannan ya san kafin a yi shiru, a nemo alli, a raba faɗan biro, kwata ta tafi. Littafin lissafi na malami ne kaɗai. Yara daga allo suke kwafa. Zango na biyu ne, cikin sanyi.

Akwai abu biyu da suka haɗu wa yaran nan lokaci guda, kuma ban taɓa lura ba sai da na zauna ina tunanin takardar nan. Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tsara cewa a fara koyar da yaro da harshen da ya tashi da shi, sannan daga baya a koma Turanci, a bugun 2004 kuma aka fayyace cewa daga aji huɗu ne. Aji huɗun nan kuwa shi ne inda lamba mai ɗigo take shigowa sosai. Wato a shekarar da aka canja wa yaro harshe, a ita aka miƙo masa wata irin lamba da ba ta bin ƙa'idar da ya sani tun aji ɗaya. Ɗigon ma da Turanci ya fara jin sa, "ziro foyin fayif", kamar wani karatun da ake haddacewa.

Da na kai wa Hedimasta maganar, sai ya yi dariya. Dattijo ne da ya kusa ritaya. Ya ce, "Malam, ai ɗigo ba wuya. Ka koya musu da kuɗi. Mu da kuɗi muka koya."

Na ce, "Ranka ya daɗe, wane kuɗin?"

Ya yi shiru, don ya gane inda na dosa. A 1973 Najeriya ta bar fam da sule da kwabo irin na Ingila ta koma naira, kwabo ɗari a naira ɗaya. Sunayen tsofaffin kuɗin ba su mutu nan take ba: fam ya zama naira biyu, sisi kwabo biyar, sule kwabo goma. Ka lura da sule: ɗaya bisa goman naira ne cif. Yaron da aka aika kasuwa a wancan zamani da naira biyu da sule biyar, 2.50 ke cikin aljihunsa, kuma ya san sule goma ke yin naira, kwabo goma ke yin sule. Gurbin farko bayan ɗigo sule, na biyu kwabo. Su Hedimasta a kyauta suka samu darasin, a wurin mai ƙosai. Yaran ajina ba wanda ya taɓa sayen wani abu da kwabo. Silallan kwabo 50 da naira 1 da naira 2 da Babban Bankin ya fitar a 2007 ba su yi kasuwa ba, yau kuwa ko naira biyar sai ka yi da gaske ka ga abin da za ta saya. Littafi yana nan yana cewa fensir naira 2.50. Tsanin da aka jingina wa yaran su hau, an daɗe da ɗauke shi.

Gano inda ake faɗuwa

A wani taron bita na taɓa jin wata hanya da wata malama 'yar Ostireliya mai suna Anne Newman ta fitar a 1977. Ta ce yaron da ke amsa lissafin da aka saka cikin labari matakai biyar yake takawa: ya karanta, ya fahimci abin da ake nema, ya zaɓi aikin da zai yi, ya yi aikin, ya rubuta amsar yadda za ta dace da tambayar. Jan biro yana nuna cewa ya faɗi, amma ba ya nuna a kan wace matakala. Sai ka zauna da shi ka bi shi ɗaya bayan ɗaya.

Haka na yi. Mako guda ina ɗaukar yara biyu ko uku lokacin tara, masu ƙoƙari da marasa ƙoƙari, ina cewa: karanta mini. Me ake so ka nemo? Faɗa mini da Hausa. Yaya za ka yi? Yi in gani. Wannan amsar, mene ne ita, naira ce ko lita?

Abin da na gani ya kasu, amma ba daidai wa daida ba. Akwai 'yan kaɗan da karatun kansa ne bai zauna ba. Waɗannan matsalarsu ta girmi lissafi, kuma ba zan yi ƙaryar cewa mako shida ya warkar da su ba. Mafi yawa suna iya furta kalmomin, su kasa mayar da labarin da bakinsu. Waɗannan sun ƙirƙiro dabarar tsira, kuma mu malamai ne muka koya musu ita: farautar kalma. In ka ga "more" ka haɗa, in ka ga "left" ka ɗebe, in ka ga "share" ka raba. Na ba su tambaya cewa galan yana ɗaukar lita 2.5, wanda ya fi na buta da lita 0.75, buta nawa take ɗauka? Kalmar "more" na ciki, don haka aji ya haɗa ya samu 3.25. Buta ta fi galan.

Sai ɗigon kansa. Na rubuta a allo: an kai jarirai biyu awo, ɗaya kilo 3.5, ɗaya kilo 3.25, wanne ya fi nauyi? Hannuwa suka tashi kamar an ce wa ke son alewa. Na 3.25, don ashirin da biyar ta fi biyar. A idonsu ɗigo katanga ce tsakanin gidaje biyu, kowane gida da lambarsa mai zaman kanta. Shi ya sa in suka haɗa mita 2.5 da mita 1.25 sai su samu 3.30: biyu da ɗaya uku, biyar da ashirin da biyar talatin. Wasu kuma su jera lambobin ta hannun dama kamar yadda aka saba, su samu 150, su nemi wuri su dasa ɗigo. Wannan kuskure ba na Katsina kaɗai ba ne. Vicki Steinle da Kaye Stacey na jami'ar Melbon sun yi shekaru suna bin sa a tsakanin ɗalibai, suka nuna cewa ƙananan yara sun fi ɗauka lamba mai tsawo ita ce babba, sannan akwai wasu da ke juyawa su ɗauka gajeriyar ce babba kullum. Na samu irin na biyun su ma, yarinya biyu masu ƙoƙari, da suka ce 0.3 ta fi 0.45 "saboda in lambobi sun yi yawa bayan ɗigo, abin ƙanƙancewa yake yi". Sun ji rabin gaskiya sun riƙe ta gam.

Na uku shi ne ya fi zurfi. Tun aji biyu yaro ya ga in an ninka abu yawa yake yi, in an raba raguwa yake yi, kuma bai taɓa ganin saɓanin haka ba. Yanzu ga tambayar fetur: hankalinsa ya gaya masa kuɗin ba zai kai 900 ba, don ba a sha lita cikakkiya ba. Tunda amsa ƙarama ake nema, sai ya ce rabawa ce. Da yawa 900 suka yi ƙoƙarin rabawa da 0.75. Waɗannan sun fi mai 67,500 tunani a kan labarin, sai dai kayan aikin da ke hannunsu ya yaudare su. Alan Bell da abokan aikinsa a Nottingham ta Ingila sun ga haka tun farkon shekarun 1980, kuma abin dariya, da tambayar fetur su ma suka kama shi: yaro zai ninka daidai in lambar cikakkiya ce, a mayar da ita ƙasa da ɗaya ya koma rabawa.

Wata yarinya ta fita daban. Iyayenta daga Maraɗi suka dawo, ta yi aji uku a makarantar can. Ita waƙafi take sawa inda muke sa ɗigo, 2,5, kamar yadda ake yi a tsarin Faransa. Na yi ta cinye mata maki ina zaton sakaci ne. Da ta ga 1,250 a allo kuma, ɗaya da 'yan kai take karantawa. Minti biyar suka raba wannan gardama, kuma daga baya ita ce ta fi kowa sanin santimita da santilita.

Kuskuren da na fara yi

Gaggawa ta sa na ɗauki gajeriyar hanya. Na ce musu in za ku gwada lamba biyu, ku ƙara sifili har tsawonsu ya zo ɗaya: 3.5 ta zama 3.50, sai a gwada hamsin da ashirin da biyar. Ranar kowa ya ci. Na koma gida ina jin na gama. Bayan kwana biyu na ba su 3.5 da 3.05, fiye da rabin aji suka ce ɗaya ne, ai Malam ya ce sifili ba ya canja komai. Na ba su doka ba tare da dalilinta ba, suka ajiye ta kusa da dokar "more", suna zaro ta duk inda suka ga dama. Sai na janye ta, na ce a manta da ita tukuna.

Karan dawa da ushuri

Na sa kowane benci ya zo da karan dawa miƙaƙƙe. Wani yaro ɗan tela ya aro mana tef ɗin babansa, muka yanke kowane kara daidai mita ɗaya. Ban ce santimita ba, ban ce ɗigo ba. Na ce wannan kara shi ne "ɗaya", ku auna mini benci, ƙofa, taga, allo.

Ba a jima ba aka fara kawo ƙara. "Malam, bencinmu kara ɗaya ne da saura." Saura nawa? Wani ya ce rabi, wani ya ce bai kai ba, wani ya ce ya wuce. Na bar su suka yi musu sosai, don musun nake so. Sannan muka tsaga kowane kara da biro gida goma daidai.

Ina tsaye ina ta nanata "ɗaya bisa goma, ɗaya bisa goma", yara suna kallona kamar mai karanta sanarwa, sai malamin Arabiyya da ke wucewa ya leƙo ta taga.

"Malam, ai ushuri kake nufi."

Na ce, "Allah gafarta Malam, shigo ka faɗa musu."

Ya shigo ya ce, "Wa babansa ke noma?" Kusan kowa. "In an ɗaure gero dami goma, nawa ake fitarwa zakka?" Aji ya amsa baki ɗaya, "Ɗaya!" Ya ce, "Shi ne ushuri. Dami arba'in fa?" Huɗu. "To wanda ya noma alkama da rani, ya sayi mai ya ba ta ruwa da inji?" Nan aka rage, amma wani daga baya ya ce rabin ushuri, haka malaminsu na Islamiyya ya ce.

Ni dai na tsaya riƙe da alli. Shekara da shekaru ina koyar da wannan darasi, ban taɓa tuna cewa ɗaya bisa goma yana da suna a Hausa ba, suna guda, mai nauyi, wanda yaro ya ji a bakin kakansa a bakin rumbu. Muna da sulusi da rubu'i da humusi har zuwa ushuri, duk sun shigo ta hanyar karatun addini da rabon gado, amma ajin boko ya bar su a waje kamar takalmi.

Daga ranar gidajen kan kara suka zama ushuri. Benci kara ɗaya da ushuri takwas. Sai a lokacin na rubuta 1.8 a allo, na ce ɗigon nan ba abin da yake cewa sai "cikakku sun ƙare, ushuri ya fara". Da aka zo kan ƙofa sai aka sake cijewa: kara ɗaya, ushuri tara, da ɗan guntu. Yaya za a yi da guntun? 'Yar Maraɗi ce ta ce a sake tsaga ushurin shi ma gida goma. Muka yi a kan kara ɗaya da reza, da ƙyar ake ganin tsagar. Na tambaye su sunan da za mu ba waɗannan, wani ya ce 'ya'yan ushuri. Sunan ya zauna. Wani shaƙiyyi ya ce, "Malam, su 'ya'yan ba sa haihuwa?" Na ce suna yi, jikoki ke nan, gurbi na uku, za mu je can.

Na kuma hana karanta 3.25 da "uku ɗigo ashirin da biyar", karatun da har manya ke yi, wanda shi ke ciyar da kuskuren. A ajina sai dai a ce uku, ushuri biyu, 'ya'ya biyar. Da muka koma kan jariran nan, wata yarinya ta ce, "Mai ushuri biyar ya fi. Wancan biyu gare shi, 'ya'yan kuma ko sun taru ba su kai ushuri ɗaya ba." Ban ƙara ko kalma ba. Da na sake kawo 3.05, suka ce wannan ba shi da ushuri ko ɗaya, 'ya'ya biyar kawai. Dokar sifili ta dawo da kanta, wannan karon da dalilinta: ushuri biyar 'ya'ya hamsin ne, shi ya sa 3.5 da 3.50 suke ɗaya. Haɗawa da ɗebewa ma suka daidaita ba tare da na ce "a jera ɗigo a kan ɗigo" ba, don ba mai haɗa ushuri da 'ya'ya a layi ɗaya.

Zakkar ta sake yi mini wani aikin da ban zata ba. Na rubuta 0.1 sau 40. Na ce ushurin dami arba'in nawa ne? Huɗu. To ga ninkawa, ga amsa ta fi arba'in ƙanƙanta. Aka yi tsit. Wani ya ce ai wannan rabawa ce. Na ce da rabawa da goma, da ninkawa da ushuri, hanya biyu ce zuwa gida ɗaya. Rabin ushuri kuma, 'ya'ya biyar, 0.05 sau 40, dami biyu. Ɗaya ɓangaren kuwa da ruwa muka yi shi. Na sayo fiya wata, kowace leda an rubuta santilita 50, rabin lita ke nan, 0.5. Na kawo galan mai lita huɗu na ce leda nawa za ta cika shi? Masu bin doka suka ce biyu, tunda rabawa da rabi ce. Muka fasa ledoji muna zubawa aji na ƙirgawa, har takwas. An raba huɗu an samu takwas. Benci ya jiƙe, mai shara ta yi mita, amma daga ranar in na ce tukunyar gas mai kilo 12.5, ana ƙona kilo 0.5 kullum, kwana nawa za ta yi, akwai masu cewa ashirin da biyar kafin in rufe baki.

Komawa kan labari

Duk wannan ya ci mako uku da rabi, kuma ba mu taɓa tambayar jarrabawa ko ɗaya ba. Hedimasta ya kira ni ofis ya nuna mini tsarin aikin zango, na yi baya da mako biyu, masu duba makarantu kuma ba sa sanarwa. Gaskiyarsa. Na roƙi arziki ya ƙara mini mako biyu, na ɗauki alkawarin matse darasin siffofi. Na matse shi kuwa, fiye da yadda ya kamata, kuma wannan bashi ne da yaran suka biya.

Sauran lokacin tsari ɗaya muka bi kullum, tambaya biyu kacal a darasi. A karanta da Turanci sau biyu. A kife biro. Wani ya ba da labarin da Hausa, ba tare da ya ambaci lamba ko ɗaya ba: wani ya sayi mai, bai kai lita ba, ana son a san kuɗinsa. Sannan kintace: amsar za ta kai 900 ko ba za ta kai ba? Za ta wuce rabinsa? Kowa ya rubuta kintacensa a gefen takarda. Sai a zana kara a tsaga shi a sa lambobin a kai, sannan a ɗauki biro a yi aikin, a ƙarshe a gwada amsa da kintace. Wannan kife biron shi ne ya fi wahala. Yaran sun saba da cewa mai ƙoƙari shi ne mai fara rubutu, sai da na riƙa yabon wanda ya kama amsar banza fiye da wanda ya riga kowa gamawa.

Ranar Juma'a su ke kawo tambaya daga gida. Wata da mahaifiyarta ke sayar da man gyaɗa ta kawo: galan lita 4.5, ana ɗurawa a gorar ruwa mai santilita 75, gora nawa? Shida, kuma ta ce ta gani da idonta. Wani ya kawo na data, gig 1.5. Tambayoyinsu sun fi na littafi daɗi, kuma wanda ya ƙirƙiri tambaya da kansa ba ya farautar kalma, don ya san abin da ke cikinta.

Abin da ya samu da abin da bai samu ba

A ƙarshen mako na shida na sake ba su gwajin farko, na canja lambobi kawai. Gwada girman lamba da haɗawa da ɗebewa sun zauna wa mafi yawan aji. Amsoshi irin su 67,500 sun kusa ɓacewa. Ko wanda ya kuskure, kuskurensa na kusa da gida ne. Zaɓen ninkawa ko rabawa ya gyaru amma bai kai sauran ba, kuma na lura da abu ɗaya da ya dame ni: in na karanta tambayar da Hausa, hannuwa da yawa ke tashi, in na bar su da Turancin su kaɗai a takarda, sai a koma kusan rabi. Jarrabawar shiga sakandare kuwa da Turanci za ta zo, ba mai tsayawa ya fassara. 'Yan bencin baya da ba sa iya karatu sun iya auna ƙofa, sun iya faɗin ushuri, a takarda kuma suna nan inda na same su.

Ushurin ma ya jawo tasa matsalar. Da na ce mota ta yi tafiyar awa 1.5, wasu suka ce awa ɗaya da minti biyar, wasu da minti hamsin. Sun ɗauka komai na duniya gida goma ake tsaga shi, alhali awa minti sittin ce. Baban ɗan telan nan ma ya aiko da saƙo cewa su da yadi suke aiki, yadi kuwa inci 36 ne, don haka yadi 1.5 yadi ɗaya ne da inci 18, kada in ruɗa masa yaro. Ya fi ni gaskiya, kuma da na fara da wannan gargaɗin tun wuri da na huta. Akwai kuma tambayar yara 26 da za a kai filin wasa, keke napep ɗaya na ɗaukar huɗu. Sabbin gwanayen ɗigo suka rubuta 6.5 suna murmushi. Sai da na ce wa zai shiga rabin keken, na gaba ko na baya, sannan aka fashe da dariya aka gyara zuwa bakwai. Matakala ta biyar ta Newman ke nan, kuma ita ce na fi yi wa rowar lokaci.

Ƙanin mai bumburutun nan ya samu 675 a takarda, da kintacensa a gefe: "ba zai kai 900 ba, zai wuce 450". Ana saura kwana uku hutu ya tare ni a bakin ƙofa da wata 'yar takarda da ta sha maiƙo. Sun je gidan mai da yayansa, ya kwafo abin da injin ya nuna lokacin da wani mai babur ya sha na dubu biyu: lita 2.22, a kan 900.

"Malam, na ninka. Dubu ɗaya da ɗari tara da casa'in da takwas ne. Ina naira biyu?"

Na ce, "Kai me ka gani?"

Ya juya bayan takardar. Ya raba 2,000 da 900 da hannunsa, biyu-biyu sun jeru har sun kai bakin takarda sun gangaro gefe.

"Jikokin ma sun haihu, Malam. Sun ƙi tsayawa."

An riga an kaɗa ƙararrawa, lambar da ba ta ƙarewa kuma ba ta cikin tsarin aikin zangon. Na ce ya adana takardar, ranar farko bayan hutu shi zai rubuta ta a allo.